Gwaggo Tana Jiran Ka

Ƙofar Jatau, Birnin Zariya.
Ranar Litinin, bayan La'asar.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, jirgi na tafiya da kai lami lafiya. Na ba ƙanwarka Binta ta sa maka ita a ƙasan jaka tare da wani kwalin ashana, na ce ta gaya maka kada ka buɗe sai jirgi ya wuce Kafanchan. Na zaɓi Kafanchan ne don daga can ba ka iya sauka ka dawo ka tsaya a gabana, ni kuwa abin da ke cikin takardar nan ba zan iya faɗarsa ana kallon fuskata ba.

Ka san ni ba mutumin rubutu ba ne. A aji uku na sakandare na tsaya, na ɗauki sifana biyu da guduma na zauna gindin dalbejiya, daga nan Allah ya kai ni inda nake: gareji mai rumfa huɗu, gida, na sauke farali, na kai ka makaranta har ka zama injiniya. Ba wanda ya ɗaga ni. Wannan maganar na sha faɗa maka ita har ka haddace, kuma gaskiya ce. Amma yau ba ita na zauna rubutawa ba. Za ka tafi Fatakwal aiki, garin da ba ka da kowa, kuma uban kirki yakan yi wa ɗansa guzuri. Na duba abin da nake da shi, na ga babu abin da zai fi yi maka amfani kamar kurakuraina. To ga su, kuma duk a jikin Gwaggo na yi su.

Ka san Gwaggo a matsayin tsohuwar baƙar motar Ingila da ke rumfar ƙarshe, wadda Binta ta raɗa wa suna don ta ce ta girmi kowa a gidan kuma ba ta aikin komai sai zama. Abin da ba ka sani ba shi ne dalilin da na saye ta. Na ce muku don irinta ta ƙare a ƙasar nan ne. Haka ne, na zaga Kaduna da Jos da Kano ban ga 'yar'uwarta ba. Amma ba shi ne dalilin ba. A cikin motar nan aka kawo mini mahaifiyarka daga Limancin Kona. Ta wani tsohon alƙali ce a lokacin, aminin kakanka na wajen uwa, ya ba da aron ta don kai amarya. Ina laɓe a zauren abokina na hango ta ta shawo kwana tana sheƙi, yara na bin ta da gudu. Bayan shekaru da yawa na je duba wata mota a Ƙofar Gayan, na leƙa wani kango, sai ga ta, tayoyi sun nutse a ƙasa, kaza ta yi ƙwai a kujerar baya. Da na ja ta zuwa gida mahaifiyarka ta fito ta tsaya a bakin zaure, ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Alhaji, ƙofar hagu ta baya ba ta rufuwa sai an ɗaga ta. Ni na riƙe ta da hannu har muka iso." Na gwada, haka ne kuwa. Na ce mata, "Ki ba ni shekara ɗaya. Zan zaga da ke ƙofofin birnin nan ɗaya bayan ɗaya, ki zauna a inda kika zauna." Ta yi dariya ta ce, "To, Allah ya kai mu. Amma ka kore kazar tukuna."

Shekara biyar ta yi tana jira. Ba rashin hali ne ya hana ba, girman kai ne. Akwai wani tsoho a Tudun Wada da ya yi wa Turawa aikin irin waɗannan motoci tun yana saurayi. Sau biyu yana aiko mini cewa in zo mu duba tare. Na ce ni da ake kawo wa motar da ta gagari kowa, ni zan je a koya mini? Sai na ci gaba da lalube ni kaɗai, in ɓata in gyara. Tsohon ya rasu da abin da ya sani, bayansa da wata bakwai mahaifiyarka ta bi. Ranar da aka fita da ita, ta gaban rumfar aka wuce, Gwaggo na kan duwatsu ba taya.

Wannan shi ne na farko. Idan ka isa wurin aikinka, za ka tarar da tsofaffin leburori da ba su da takardar da kake da ita. Ka gaishe su, ka tambaye su, ka bari su nuna maka ko da abin da ka riga ka sani ne. Kuma in ka yi wa wani alkawarin abin da zai faranta masa rai, ka nemi hannu ko na waye ka cika shi da wuri. Ni na ɗauka lokaci nawa ne.

Na biyu ƙarami ne, amma ka tuna da shi. Lokacin da ka dawo daga bautar ƙasa ka fara shigowa rumfar da yamma, muna ɗaura famfon ruwa, noti ɗaya ya ɓace. Na ɗauko wani daga gwangwanin notocin motocin Faransa, na sa, ya shiga zagaye biyu sumul, a na uku ya cije. Ka ce, "Baba, wannan na milimita ne, ramin kuwa na inci ne. Kamar ɗaya suke a ido, amma haƙoransu ba ɗaya ba." Na ce, "Idona ya girmi takardarka." Na sa sifana, na zura mata bututu don ƙarin ƙarfi, na danna. Ka ji yadda ya yi laushi farat ɗaya. Na cinye haƙoran ramin, a jikin gangar injin da babu irinta. Kwana uku ka yi kana gyara wannan rami.

To ka riƙe wannan. Kowane noti ka fara murza shi da yatsu. In nasa ne, zai tafi da kansa. In ya cije a zagaye na uku, ka tsaya, ka fito da shi, ka duba. Haka aboki, haka maigidan haya, haka duk wata harka da za a kawo maka a can a ce ka shiga. Farko kowa yana shiga sumul. Ka lura da inda ya fara cijewa, kada kuma ka ce don kana da ƙarfi sai ya shiga.

Yanzu ga babban, wanda saboda shi na ɗauki biro.

Kan injin Gwaggo a tsage yake tun da na same ta, shi ya sa aka yar da ita. Wata huɗu da suka wuce na je kasuwar Fanteka a Kaduna, na tarar da kan injin wata tsohuwar motar asibiti, kamfani ɗaya ya ƙera su. Na kawo shi muka ɗora, ramukan nan duk suka hau kan juna kamar tare aka haife su. Ka ga yadda na yi murna. Na aika aka kira Malam Iro, abokina tun na makarantar allo, da sauran 'yan majalisarmu, na ce su zo ranar Asabar da hantsi su ga abin da aka ce ba zai yiwu ba.

Kai kuwa ka ce a dakata. Ka ce hawan ramuka ba shi ne dacewa ba. Ka shiga cikin gida ka ɗauko ragowar bular wanki ta mahaifiyarka, ka kwaɓa da ɗan mai, ka ce a shafa a fuskar gangar a ɗora kan a ɗaga, inda shuɗin ya kama nan ne suka haɗu, inda bai kama ba akwai rata. Wannan na yarda, don na san shi. Amma ranar Asabar, mutane sun cika rumfa, sai ga ka da curin yumɓu da ka karɓo wajen masu ginin tukwane. Ka ce a manna shi a kan kowane fistin, a ɗaura kan, a juya injin da hannu sau biyu, a kwance a duba. In bawul ya sauko ya yanka yumɓun har ƙarfe, to in aka tayar da inji bawul da fistin za su yi karo. Ka ce ka auna, kuma kana jin wannan kan ya fi na asali gajarta kaɗan. Ka ce aikin awa biyu ne kawai.

Malam Iro ya ce, "Alhaji, yau kuma tukunya za a gina mana ko mota za a tayar?"

Aka yi dariya. Da na yi shiru da shi ke nan. Amma dariyar ta shige ni, sai na ji kamar ni ake yi wa. Na ce, "Ku gani fa. Na kai shi makaranta shekara da shekaru, ya dawo mini da wasan ƙasa. Injiniya, kai wa mata yumɓunsu, nan gareji ne."

Ka ce a hankali, yadda ba kowa ya ji ba, "Baba, fistin huɗu ne kawai a duniyar nan da muka sani."

Na ce, "Ɗaure."

Ka ɗaure. Na shiga na zauna, na murɗa makulli. Ta yi tari sau biyu, ta kama. Wallahi ta kama, na ji muryar da rabona da ita tun ranar da aka kawo mahaifiyarka. Malam Iro ya ɗaga hula yana kabbara. Ban ƙirga goma ba sai ƙwas, kamar an jefa guduma cikin tukunyar ƙarfe, sannan shiru. Da muka kwance, bawul biyu sun lanƙwashe, fistin na uku ya fashe gida uku.

Har nan kuskure ne na bakanike, kuma kowane bakanike yana yi. Abin da ya biyo baya shi ne ba na bakanike ba. Mutane na tsaye suna kallo na, sai na juya na ce maka, "Kai ne ba ka ɗaure daidai ba." Na san ƙarya ce tun kafin ta gama fita daga bakina. Ka dube ni sau ɗaya, ka sunkuya, ka tsince gutsattsarin fistin ɗin, ka wanke su da kananzir, ka jera a kan tsumma, ka fita. Tun daga ranar kana gaishe ni safe da yamma kamar kullum, kana durƙusawa kamar kullum, amma ƙafarka ba ta sake taka rumfar ƙarshe ba.

Sai da takardar Fatakwal ta zo ka ce ka karɓa, sannan Binta ta same ni a zaure. Ka san bakinta. Ta ce, "Baba, ka san sau biyu suna kiran Yaya yana ƙi? Ya ce ba zai tafi ba sai Gwaggo ta tashi, don ya ji Inna tana faɗin alkawarin da ka yi mata." Na ce, "Wa ya tambaye ki?" Ta ce, "Ba wanda ya tambaye ni, shi ya sa na faɗa." Ta tashi ta bar ni da buta a hannu.

Nasihar da ke nan ba ta yumɓu ba ce, wannan kai ka koya mini. Ga ta: wata rana za ka zama babba, ana yi maka dariya a gaban na ƙasa da kai, kuma laifin naka ne. Za ka ji harshenka yana neman wanda ba zai iya mayar maka da magana ba. Ka cije shi. Kunyar minti ɗaya ce. Ni na guje mata, ga shi wata huɗu ina ɗauke da wadda ta fi ta, ga kuma jirgi zai tafi da kai.

Bari in gaya maka abin da na yi bayan nan, don ba ka sani ba. Na tarar da littafinka a kan kantar rumfar, mai bangon shuɗi, inda ka rubuta awon kowane abu da ƙananan lambobinka. Na sa tabarau na bi shi layi layi, abin da ban gane ba na sake bi. Na je da kaina wajen masu tukwane. Matar da ta ba ka yumɓu ta ce, "Alhaji, kai ma?" Na ce, "Ni ma." Na rufe rumfa, na manna yumɓun a kan fistin ukun da suka rage, na ɗora kan da wasu bawul, na juya da hannu. Da na ɗaga, yumɓun ya yanke har ƙarfe yana ƙyalli, a daidai wurin da ka zana a littafin.

Ranar Juma'a bayan an sauko masallaci na kai wannan yumɓu majalisa, na ajiye a tsakiyar tabarma. Na ce, "Ku da kuka ji na ce yaron nan bai ɗaure daidai ba, to ku ji kuma. Ƙarya na yi masa. Ya faɗa, na ƙi ji, ni na fasa fistin." Sai Malam Iro ya ce, "Shekara hamsin ina tare da kai, yau na fara jin ka ce ka yi kuskure. A kawo goro, wannan abin suna ne." Na ce, "Kai ka fara dariyar, tsohon banza." Ya ce, "Ni na fara, kai ka ƙarasa. To ka gaya wa yaron?" Na ce zan gaya maka. Sati uku ke nan. Kullum in ka durƙusa gaishe ni sai in buɗe baki, sai in ji na ce, "Lafiya lau."

Wannan ya kawo ni ga na ƙarshe, wanda ya girmi Gwaggo a gidan nan. Kai ɗan fari ne, kuma sunan mahaifina na sa maka. Kunya biyu ke nan, kuma haka muka tarar ana yi: ba a kiran sunan, ba a yabo a gaban mutane, ba a nuna an damu. Ban ce al'adar banza ce ba. Mahaifiyarka ta riƙe ta fiye da ni, har ta koma ga Allah ba ta taɓa faɗin sunanka ba, "wannan yaron" take cewa. Amma ita ta san hanyoyinta. Ka tuna tsokar da kake tararwa a ƙasan tuwo, da yadda ba ta zama sai ta ji ƙarar kekenka a zaure. Ba ka taɓa shakkar ta ba. Ni kuwa na sami al'adar ta yi daidai da halina, sai na shige cikinta na ɓuya. Ko Abban da kowa ke kiran ka ban taɓa faɗa ba. "Kai," nake cewa, in kuma ina jin tsiya in ce "Injiniya." Ranar da sakamakonka ya fito, na kai takardar gareji na nuna wa duk wanda ya kawo mota, har wani direban tanka ya ce, "Alhaji, na gani jiya." Da na dawo gida na miƙa maka na ce, "Adana, kada ta yi datti." Abin da ka ji daga gare ni ke nan.

In Allah ya ba ka naka, ka yi kunyar in kana so, amma ka bar wata ƙofa da yaron zai leƙa ya gane. Kada ka bari sai ya kai shekara ashirin da bakwai, yana cikin jirgi, sannan ya karanta a takarda.

Sauran ka san su. Ka riƙe salla a kan lokaci ko da injin kamfani na ci da wuta. Ka nemi inda 'yan'uwa Musulmi suke ka gabatar da kanka, amma kada ka ƙi cin abinci da wanda ba yarenku ɗaya ba, ni mutanen Sabon Gari sun yi mini rana ba sau ɗaya ba. An ce can ruwan sama ba ya ɗaukewa, kai kuwa ƙirjinka ba ya son sanyi tun kana ƙarami, Binta ta sa maka rigar sanyina a jaka, kada ka ce ta yi maka tsufa. Ka riƙa rubuto wa ƙanwarka. In ka ga dama ka sa layi ɗaya a ƙasa, za ta karanta mini.

Yanzu buɗe kwalin ashanar. Yumɓu biyu ne a ciki, na busar da su a inuwa. Mai yankan nan har ƙasa shi ne na farko, shaidar abin da ka faɗa. Ɗayan na shekaranjiya ne. Na sami fistin a jikin wani tsohon injin ban ruwa a wani ƙauye bayan Giwa, na auna shi da awon littafinka ta kowace fuska, har nauyinsa na sa aka gwada a sikelin masu zinariya, ya yi daidai da 'yan'uwansa. Na sa aka yanko gaskit na jan ƙarfe mai kaurin da ka rubuta a shafi na ƙarshe ka ja masa layi biyu, na shimfiɗa shi tsakanin kan da gangar don ya ɗaga kan kaɗan. Na shafa bular mahaifiyarka, shuɗin ya kama ko'ina. Na sa yumɓu, na juya sau biyu, na sake sabon yumɓu na juya sau biyu. Duba shi da kyau. Bawul ya taɓa shi ya bar ɗan gurbi, amma akwai sauran kauri a ƙasa. Kai za ka faɗa ko ya isa, ni dai a idona ya isa, amma ka ga inda idona ya kai mu.

Ban ɗaure ba. Kan injin na zaune a wurinsa, notocin goma sha huɗu na wanke su na zuba a gwangwanin madara, na rufe, na ɗora a kujerar baya, gefen hagu. Malam Iro ya ce in ɗaure in tayar mana, in kai ka tasha da ita gobe, ka ga abin mamaki. Na ce a'a. Wanda aka ce bai iya ɗauri ba, shi ne zai ɗaure, a gaban waɗanda suka ji an faɗa. Ko hutun Babbar Salla ne, ko na baɗi, ko wanda ya fi haka nisa. Zan riƙa juya ta da hannu duk Juma'a don kada ta cije. In ka zo, kai za ka tuƙa, ni in zauna a baya in riƙe ƙofar. Mu fita ta Ƙofar Jatau, mu bi ta Limancin Kona, mu tsaya a maƙabarta mu gaya mata an cika, ko da an makara.

Ba na ce ka bar aikinka ba. Ka tafi, ka yi shi da kyau, ka fi ni. Ina dai gaya maka akwai abin da ke jiran ka a nan, kuma ba motar kaɗai ba ce. Gobe a tasha za ka ga na tsaya nesa ina magana da wani, in miƙa maka hannu in ce Allah ya kiyaye hanya, in juya da wuri. Kada ka ɗauka wani abu ne. Iyakar abin da zan iya ke nan a gaban mutane.

Ka yafe mini. Allah ya kai ka lafiya, ya tsare gabanka da bayanka, ya haɗa ka da mutanen kirki, ya raba ka da sharrin ruwa da na ƙarfe da na mutum. Allah ya jiƙan mahaifiyarka, ya sa in ga dawowarka da idona.

A jikin gwangwanin na rubuta sunan mai shi da fenti, don kada wani ya taɓa. Tun da hannuna ya iya a can, bari ya gwada a nan.

Allah ya yi maka albarka, Sa'idu.

Ni ne,
Mahaifinka.